Kan Jirgi Mai Ƙafa 28: Yadda Garratt Ya Ci Hawan Mombasa Zuwa Nairobi

A tsakanin 1955 da 1956 ne hukumar jiragen ƙasa ta Gabashin Afirka ta karɓi wasu kawunan jirgi guda 34 daga kamfanin Beyer, Peacock da ke birnin Manchester na ƙasar Ingila. An ba su lamba daga 5901 zuwa 5934, shi ya sa ma'aikatan reluwe suke kiran su samfurin 59. An shafe su da jan fenti mai duhu, aka kuma raɗa wa kowanne sunan wani dutse na yankin, irin su Dutsen Kenya, da Kilimanjaro, da Meru, da Gelai. Kowane ɗaya na da nauyin tan 252, tsawonsa ya kusa mita 32, yana kuma tsaye a kan ƙafa 28. Ba a taɓa ƙera kan jirgi mai amfani da tururi da ya kai su girma da ƙarfi ba a kan layin dogo mai faɗin mita ɗaya, kuma har gobe ba za a yi ba, don zamanin tururi ya wuce.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne faɗin dogon. Mita ɗaya tak ce tsakanin ƙarfen dama da na hagu, amma tukunyar da ke bisa su ta haura mita biyu a kauri. Wanda bai san dawan garin ba zai rantse cewa da an shiga kwana za ta kife. Ba ta kife ba. Ta yi shekara 25 tana jan kaya tan 1,200 daga bakin teku zuwa Nairobi. Sirrin yana cikin wata dabarar ƙira da ake kira Garratt, kuma duk wanda yake son gane dabarar, to ya fara duba hanyar da aka yi ta dominta, don hanyar ce ta zana injin.

An fara shimfiɗa layin daga Mombasa a 1896, ya isa bakin Tafkin Victoria, inda garin Kisumu yake a yau, a ƙarshen 1901. Gwamnatin Birtaniya ce ta biya, kuma ba da daɗin rai ba, don 'yan majalisa a Landan sun yi ta yi wa aikin ba'a, suna cewa ana zuba kuɗi a daji ne kawai. An kwaso leburori kusan 32,000 daga Indiya, wajen 2,500 a cikinsu suka rasu a bakin aiki, mafi yawa saboda cuta. Zakunan nan biyu na Tsavo da suka riƙa ɗauke ma'aikata a 1898 su suka samu suna a littattafai da finafinai, alhali zazzaɓi da atuni sun fi su ɓarna nesa ba kusa ba. Hatta Nairobi ɗin ma layin ne ya haife ta, don a 1899 sansanin ma'aikatan reluwe ce kawai a gefen fadama.

Tun da kuɗi ake tattali, sai aka zaɓi duk abin da ya fi araha. Aka ɗauki faɗin mita ɗaya irin na layuka da yawa a Indiya. Aka shimfiɗa dogo marar kauri, mai nauyin kilo 25 a kowace mita. Inda aka tarar da tudu, maimakon a fasa shi sai a kewaye shi ko a haye shi. Layi ɗaya ne tal, mai zuwa da mai dawowa sai sun jira juna a tasha. Ga shi kuma ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce: Mombasa tana bakin teku, Nairobi kuwa tana sama da mita 1,600 a bisa, nisan tsakaninsu kimanin kilomita 530 ta tsohon layin. Da jirgi ya baro tsibirin Mombasa sai ya fara hawa, har a kusa da Mazeras sai da aka sa layin ya yi da'ira ya haye kansa kafin ya samu tudun. A wurare da yawa, duk tafiyar mita 100 sai an hau mita ɗaya da rabi. Mai tafiya a ƙasa ba zai ma lura ba. Ga jirgin ƙasa kuwa wannan babban hawa ne. Kuma ba hawa ne kaɗai ba, ana hawa ana gangara, saboda haka mai komawa teku shi ma sai ya sha nasa.

Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Da noman kofi da shayi da audugar Yuganda suka bunƙasa, kaya suka fi ƙarfin layin, sai tsimin da aka yi a farko ya dawo ya tsaya wa hukuma a wuya.

Gaba kura, baya sayaki

A nan sai mu ɗan leƙa cikin injin. Kan jirgi mai tururi ba shi da wani sihiri. Ana hura wuta a murhu, zafin ya ratsa ta ɗaruruwan bututai da ke nutse cikin ruwan tukunya, ruwan ya tafasa ya zama tururi mai matsi. Tururin ya shiga silinda ya tura fistin gaba da baya, fistin kuma ya juya ƙafafun ta hanyar wasu dogayen sandunan ƙarfe. Tururin da ya gama aiki ana sako shi ne ta ƙasan bututun hayaƙi, yana fita da ƙarfi yana zuƙo iska ta cikin murhu. Ma'ana, iya wahalar da injin yake sha, iya yadda wutarsa take ƙara ruruwa. Wannan fitar tururin ita ce ƙarar nan ta cuku-cuku da tsofaffinmu suka sani.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ma ƙarfe ne, dukansu sumul. Wannan santsin shi ya sa jirgin ƙasa yake iya jan kaya masu yawa da ƙarfi kaɗan a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, shi ne kuma yake zame masa matsala a hawa. Ƙafar ba ta kama dogo sai da nauyi a kanta. A bisa ƙiyasin injiniyoyi, ƙarfin jan da inji zai iya yi kafin ƙafafunsa su fara juyawa a banza bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke kan ƙafafun masu ja ba. In kana son ja da yawa, sai ka ƙara nauyi. To amma dogo da gadoji suna da iyakar abin da za su ɗauka a kan kowane layin ƙafa biyu. In ka wuce, dogo ya lanƙwashe ko gada ta tsage. Mafita ita ce a raba nauyin a kan ƙafafu masu yawa. Sai dai ƙafafu masu ja a jere suke cikin ƙaƙƙarfan firam guda wanda ba ya tanƙwaruwa. Ka jera da yawa, injin ya yi tsawo, ya kasa shan kwana, ya riƙa cin dogo ko ya sauka daga kansa gaba ɗaya.

Akwai kuma maganar tukunya. A kan jirgi na gargajiya tukunya tana zaune ne a bisa ƙafafun. Daga ƙasa ƙafafu sun tokare ta, daga sama kuma akwai iyakar tsayin da gadojin sama da ramukan dutse suka yarda da shi. Ba ta da wurin yin ƙiba, sai dai ta yi tsawo, kuma doguwar siririyar tukunya ba ta dafa ruwa yadda ya kamata. Murhu ma haka, a matse yake tsakanin ƙafafu ko a bisansu. A ƙaramin layi irin na Kenya matsin ya fi tsanani.

Me ya rage wa hukuma? Ta haɗa kai biyu a jirgi ɗaya, ta biya direba biyu da masu wuta biyu. Ko ta ƙara yawan jirage, alhali layi ɗaya yana da iyakar jiragen da zai ɗauka a rana. Ko kuma ta sake gina hanyar, ta faɗaɗa ta, ta fasa duwatsu, abin da ba wata gwamnatin mulkin mallaka da ke da niyyar kashe wa kuɗi. Injiniyoyi sun daɗe suna neman injin da zai iya lanƙwasa. Robert Fairlie ya yi nasa a shekarun 1860, Anatole Mallet ɗan ƙasar Suwizalan ya yi nasa a shekarun 1880, kuma irin na Mallet ne Amurkawa suka runguma suka mayar da shi dodo. Amma a duka biyun ƙafafun suna nan a ƙarƙashin tukunya, ba su ba ta wuri ba.

Mutumin da ya rataye tukunya

An haifi Herbert William Garratt a Landan a 1864. Ya koyi aiki a wani kamfanin jirgin ƙasa na arewacin birnin, daga nan ya shiga duniya. Ya yi aiki a Ajantina, da Kyuba, da Peru, kuma a farkon shekarun 1900 ya yi aiki da reluwen gwamnatin Legas, a lokacin da layin bai daɗe da isa Ibadan ba. A Legas irin hanyar da ya tarar ke nan: siririya, mai kwana-kwana, wadda aka gina da ƙwauron kuɗi. A 1907 ya yi rajistar ƙirarsa a Ingila.

Dabarar ba ta da wuyar faɗi. Ka ƙera inji biyu, kowanne da silindojinsa da ƙafafunsa, ka ware su nesa da juna. Na gaba ka ɗora masa tankin ruwa, na baya ka ɗora masa makamashi da ƙarin ruwa. Sannan ka kawo wani firam na uku wanda ba shi da ƙafa ko ɗaya, ka ɗora masa tukunya da murhu da ɗakin direba, ka rataya bakinsa ɗaya a kan injin gaba, ɗayan a kan na baya, kowanne a kan wata mahaɗa mai juyawa. Kamar dai mutum biyu da suka rataya babban tulu a tsakiyar sanda, kowa ya saɓa gefe guda a kafaɗa: na gaba zai iya shan kwana kafin na baya ya iso, tulun kuwa yana lilo a tsakani ba abin da ya tokare shi.

Da wannan rataya ɗaya matsaloli da dama suka warware. Tun da ba ƙafa a ƙarƙashin tukunya, sai ta samu damar saukowa ƙasa ta yi ƙiba. Gajeriyar tukunya mai kauri ita ce ta fi saurin ba da tururi. Murhu ya samu faɗi da zurfi, iska na shigarsa ta ko'ina, kwashe toka ma ya yi sauƙi. Nauyi ya bazu a kan ƙafafu masu yawa, saboda haka dogo marar kauri zai iya ɗauka. Ruwa da makamashi, waɗanda a da ake jan su a wani tarago na daban a bayan inji, yanzu sun hau kan ƙafafu suna taimakawa wajen danne su. A kwana kuwa, firam ɗin tsakiya yana yanke ta ne ta ciki, nauyin tukunya ya karkata zuwa cikin kwanar, ba waje ba. Shi ya sa ba ta kifewa. A irin na Mallet, goshin tukunya waje yake leƙawa. Ƙari a kan haka, Garratt yana tafiya da baya kamar yadda yake tafiya da gaba, ba lallai sai an juya shi a ƙarshen hanya ba.

Ya fara kai zanen ga kamfanin Kitson na birnin Leeds, suka ce ba sa so. Beyer, Peacock suka karɓa, kuma wani mai zanensu, Samuel Jackson, ya yi aiki sosai wajen mayar da zanen takarda ya zama injin da zai yi tafiya. Na farko ya fito a 1909, ɗan ƙarami mai ƙafa takwas, an yi shi ne domin wani layin ma'adinai a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, mai faɗin ƙafa biyu kacal. Ana kiran sa K1. An yi kuskure ɗaya a jikinsa: an sa silindojin ta ciki, har biyu daga ciki suka faɗo daidai ƙarƙashin ɗakin direba, ƙasan ɗakin ya riƙa gasa ƙafar mutane. A waɗanda aka ƙera daga baya sai aka mayar da su can bakin gaba da bakin baya. Wannan K1 yana nan har yanzu, an dawo da shi Birtaniya an adana. Shi kuwa Garratt bai ga ƙarshen abin da ya shuka ba, ya rasu a 1913 yana da shekara 49, kafin manyan su fito.

An ƙera Garratt sama da 1,600 a duniya, kusan kashi biyu cikin uku a masana'antar Beyer, Peacock, sauran a Beljiyam da Jamus da Faransa da Sifen da wasu wurare. Abin lura shi ne a gida bai yi farin jini ba. Wani babban kamfanin jirgin ƙasa na Ingila ya sayi 33 tsakanin 1927 da 1930, amma injiniyoyinsa suka nace sai an sa musu irin ƙananan mazaunan ƙafa da suka saba da su, waɗanda ba su kai nauyin aikin ba. Injinan suka riƙa zafi suna lalacewa, sai aka ɗora wa ƙirar laifi. Amurka da Kanada kuwa ba su sa ko ɗaya a layukansu ba, don hanyoyinsu masu faɗi ne, dogonsu mai kauri, ba su da ciwon da Garratt yake magani.

Afirka ce ta zame masa gida. Afirka ta Kudu ta sayi sama da 400, ciki har da samfurin GMAM guda 120, wanda ya fi kowane samfurin Garratt yawa. Rodeshiya, wato Zimbabwe da Zambiya na yanzu, ta dogara da shi kusan kacokan a manyan layukanta. A Angola, layin Benguela ya riƙa hura nasa da itacen turare da hukumar ta dasa gandu-gandu a gefen hanya. Sudan ta sayi goma a shekarun 1930, ta sayar wa Rodeshiya su a 1949. An ƙera wa Aljeriya wani samfuri na fasinja wanda ya yi gudun kilomita 132 a awa a wajen gwaji. Najeriya ma ta saya a shekarun 1930 zuwa farkon na 1940, don namu layin, mai faɗin ƙafa uku da rabi, da irin wancan tsimin aka gina shi. Masu tunawa da dalar gyaɗa ta Kano da alfahari su sani cewa wani ɓangare na tsayinta, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarancin kawunan jirgi da taragu ne ya jawo shi: gyaɗa tana shigowa fiye da yadda reluwe ke iya kwashe ta zuwa Legas. Irin wannan cunkoson ne ya addabi tashar Mombasa a daidai wannan lokaci.

Samfurin 59 a bakin aiki

Kenya ta fara amfani da Garratt tun 1926. A 1948 aka haɗe reluwen Kenya da Yuganda da na Tanganyika a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Kaya sun yi yawa, layi ɗaya ne, ba halin ƙara jirage, saboda haka dole kowane jirgi ya ƙara tsawo. Hukumar ta yi abu biyu. Ta sauya dogon da ke tsakanin Mombasa da Nairobi da mai nauyin kusan kilo 47 a kowace mita, wanda zai ɗauki tan 21 a kan kowane layin ƙafa biyu. Sannan ta ce wa Manchester a ƙera mata inji mafi girma da wannan dogo zai iya ɗauka.

Injiniyoyi suna rubuta tsarin ƙafafunsa da 4-8-2+2-8-4. Karanta shi daga gaba: ƙananan ƙafafu huɗu masu jagora, su ke fara shiga kwana su jawo sauran, sai manya takwas masu ja, sai ƙanana biyu masu tallafe. Daga nan sai tukunya a rataye, sannan a sake jera su a juye: biyu, takwas, huɗu. Jimla 28, masu ja 16. Masu jan ba su da tsayi sosai, inci 54 ne, don ba gudu ake nema ba, ƙarfi ake nema. Silinda huɗu ne, biyu a kowane inji. Tankunansa na cin ruwa kusan lita 39,000.

Baƙin mai yake sha, ba kwal ba. Kenya ba ta haƙar kwal kamar yadda Najeriya ta riƙa yi a Enugu a lokacin. A farko da itace ake hura wutar jirage, daga baya aka koma shigo da kwal ta teku, sannan aka koma mai. Wannan ya canza aikin mai wuta gaba ɗaya. Ba ya riƙe shebur. Yana zaune ne a gefensa na ɗakin, hannunsa a kan famfunan da ke sakin mai da tururin da ke fesa shi cikin murhu, idonsa a kan agogon matsi da gilashin da ke nuna tsayin ruwa a tukunya, yana kuma leƙa bakin bututun hayaƙi. In hayaƙi ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa, asara ake yi. Da direba ya ƙara buɗe wa tururi hanya, dole shi ma ya ƙara wuta a daidai lokacin, in ya yi jinkiri matsi ya faɗi a tsakiyar hawa. Lokaci-lokaci kuma yakan ɗebi yashi ya watsa cikin murhu sa'ad da injin ke tsananin aiki, iska ta ja yashin ta cikin bututai ya kankare kunkunniyar da ta manne, sai ka ga wani baƙin gajimare ya tashi sama. Gilashin ruwan nan kuwa shi ne rai. In ruwa ya sauka har rufin murhu ya bayyana, ƙarfen zai yi laushi, tukunya ta fashe.

Direba shi ma da nasa yashin, wanda ake zubawa ta wasu ƙananan bututai a gaban ƙafafu idan dogo ya jiƙe da raɓa ko ruwan sama. Da kunne yake tuƙi fiye da ido. Inji biyun ba a ɗaure suke da juna ba, kowanne da nasa bugun, saboda haka sautinsu yakan haɗu ya zama ɗaya, can kuma ya rabu ya harɗe, ya sake haɗuwa. In ɗaya ya zame, bugunsa ya rikice ya yi sauri, gogaggen direba yakan ji kafin kowa, ya rage tururi ya saki yashi.

Tafiyar doguwa ce, ta ratsa busasshen dajin Taru, ta bi ta Voi da Tsavo da Makindu da Sultan Hamud, ana tsayawa shan ruwa, ana jiran mai tahowa ya wuce. Saboda haka ake tafiya da ma'aikata rukuni biyu. Ana maƙala wani tarago na kwana a jikin jirgin, rukuni ɗaya na aiki ɗaya na barci, suna karɓa-karɓa. Kuma akan damƙa wa direbobi inji guda ya zama nasu na dindindin. Wannan tsari ya sa mutane suka riƙa kula da injin kamar dukiyarsu. Mai lamba 5918, wato Dutsen Gelai, ya yi suna wajen wannan: direbobi biyu ne suka riƙe shi shekara da shekaru, suna goge tagullar ɗakinsa tana walƙiya. Sai dai kada kyan tagulla ya rufe mana ido. A zamanin mulkin mallaka aikin reluwe hawa-hawa ne bisa launin fata, Turawa a sama, 'yan asalin Indiya a tsakiya, baƙar fata a ƙasa, a albashi da gidaje da muƙami. Kujerar direban babban inji ta daɗe tana yi wa ɗan ƙasa nisa. Wannan na cikin abin da ya kai ma'aikatan reluwe 'yan Afirka ga yajin aiki a Kenya a 1959.

Ƙirar ma ba ta rasa aibi ba. Tururi yana bi ne ta bututai masu gaɓoɓi daga tukunya zuwa injinan da ke juyawa, kuma gaɓoɓin nan sai da kulawa, in ba haka ba su yi yoyo. Hannu ɗaya ne ke sakin tururi ga inji biyun, don haka in ɗaya ya zame sai an rage wa duka. Babban aibin kuwa daga cikin alfanun ya fito: ruwan da ke danne ƙafafu ƙarewa yake yi. Lita 39,000 tan 39 ke nan. Injin da ya baro tasha da cikakken tanki yana kama dogo gam, amma bayan doguwar tafiya ya yi sauƙi, ya fi saurin zamewa. Afirka ta Kudu ta magance wannan a samfurin GMAM ta hanyar jan wani tankin ruwa na daban a bayansa. A shekarun 1960 kuma an sauya wa samfurin 59 bututun hayaƙi da wani siriri mai tsawon baki, ƙirar wani injiniya ɗan Ostiriya mai suna Giesl, don ya ƙara jan iska ya rage shan mai.

Ya zo a makare

Ranar da samfurin 59 ya sauka a Mombasa, magajinsa ya riga ya kama hanya. Daga 1960 manyan injinan dizal suka fara aiki a layin. Injin tururi, komai kyansa, ba ya mayar da ko kashi goma cikin ɗari na zafin makamashinsa zuwa ja, sauran duk sama yake tafiya. Dizal ya ninka haka sau da yawa. Ba ya tsayawa shan ruwa a dajin da ba ruwa, ba a kashe shi a wanke masa tukunya, ba a kwana ana hura shi kafin ya tashi. Abin da ya fi kashe wa Garratt kasuwa shi ne duk abin da yake taƙama da shi dizal ya zo da shi a sauƙaƙe: ƙafafunsa a kan ƙananan firam masu juyawa suke, suna shan kwana ba wahala, kuma ana iya haɗa biyu ko uku direba ɗaya ya sarrafa su.

Ga Kenya lissafin a fili yake. Mai dai sai an sayo shi daga waje, ko a ƙona shi a murhu ko a zuba wa dizal, to gara wanda zai sha kaɗan. Ƙasashe masu kwal ba su yi gaggawa ba. Afirka ta Kudu ta karɓi sababbin ƙananan Garratt har 1968, su ne na ƙarshe da aka ƙera. Zimbabwe kuwa, da ta ga tsadar mai ga kuma kwal ɗin Hwange a ƙofar gida, sai ta yi wa tsofaffin nata garambawul a Bulawayo a farkon shekarun 1980, suka ci gaba da aiki shekaru da yawa. A ganina wannan ya fi komai nuna hankali, don mai hankali da abin da ke ƙasarsa yake lissafi, ba da abin da ake yayi ba. Kamfanin Beyer, Peacock kansa bai tsira ba, ya rufe masana'antarsa a 1966.

An fara ajiye samfurin 59 a 1973, na ƙarshe ya sauka daga aiki a 1980, bayan hukumar haɗin gwiwar ma ta wargaje a 1977. Akwai masu cewa Garratt ya yi wa Afirka illa ta wata fuska, wai da bai zo ba da dole ta sa an gyara hanyoyin tun da wuri. Ban yarda ba. Waɗanda suka gina layukan ba don ci gaban ƙasa suka gina su ba, don kwashe amfanin gona da ma'adinai zuwa teku ne, kuma da ba su samu Garratt ba, kai biyu za su ci gaba da haɗawa. Gyaran gaske sai a 2017 ya zo, da Kenya ta buɗe sabon layi mai cikakken faɗi tsakanin Mombasa da Nairobi, wanda ya bi ta kan dogayen gadoji ya miƙe inda tsohon ke kewaye, da bashin biliyoyin daloli daga ƙasar Sin.

A cikin 34 ɗin nan, biyu aka adana a Nairobi: 5930, wato Dutsen Shengena, da 5918, Dutsen Gelai, wanda aka sake hura wa wuta a 2001 ya yi tafiya da ƙafarsa. Gidan tarihin reluwen yana kusa da tsohuwar tashar jirgi a tsakiyar birnin. Duk wanda harka ta kai shi Nairobi, ya ware awa ɗaya ya je ya gani da idonsa.